Furfurar Mai Guga

A ɗakin wankin otal, can ƙasa inda tururi ba ya yankewa, babu wanda ya kai Mai Guga sanin tabo. Ka miƙa masa ƙyallen tebur, kafin ka buɗe baki zai gaya maka abin da aka zubar a kai, miya ce ko jan-baki ko kofi, har ya ƙara maka da cewa wanda ya zubar ɗin ya sa yatsa zai goge ya ƙara lalata abin. Tun yana saurayi yake wannan aiki. A nan gashinsa ya fara fari, a nan ya ƙarasa, kai da gemu duk suka yi fari fat, kuma bai taɓa damuwa ba. Shi da ma mutum ne mai son fari. Rigarsa kullum fara ce, ta sha sitaci, wuyanta a tsaye, ko da yamma ka gan shi sai ka rantse yanzu ya sa ta.

Hasali ma shi ne kan gaba wajen yi wa masu rina gashi dariya. Rigunan filo ne ke tona musu asiri. Baƙo zai shigo otal da kai baƙi ƙirin yana taƙama, washegari rigar filonsa ta sauko ɗakin wanki da shatin kansa a jiki. Mai Guga yakan ɗaga ta sama ya nuna wa abokan aiki, ya ce ga wani bawan Allah nan ya manta ƙuruciyarsa a kan gado, a adana masa ko zai dawo nema. A yi ta dariya har wani ya riƙe ciki. Shekara da shekaru yana wannan tsokana, kowa a otal ya san shi da ita.

'Ya'yansa maza biyu sun girma sun kama gabansu, shi da matarsa sun riga sun fid da rai da wata haihuwa, sai ga 'ya mace ta iso. Suna kiranta Auta. Yanzu tana aji huɗu a firamare, siririya, mai yawan tambaya, mai son lissafi. Son da yake mata ba ya ɓoyuwa. Kayan makarantarta shi yake wankewa, shi yake gogewa, ko uwarta ba ya yarda ta taɓa, wai ba ta iya fitar da layin siket ba.

Wata rana aka tashi aiki da wuri, ya ce bari ya biya ya ɗauko ta, ya ba ta mamaki. Ya tsaya a gefen ƙofar makaranta, bayan ginshiƙi, inda akwai 'yar inuwa. Can ya ji muryarta tana tahowa tare da ƙawarta, wata yarinya mai tabarau da ya sha ganinsu tare. Yana shirin leƙowa ya ce mata ga shi, sai ya ji mai tabarau tana tambayarta wane ne tsohon nan mai farin gemu da ke rako ta wani lokaci.

Auta ta ce, "Kakana ne."

Ba ta yi dariya ba, ba ta ƙara komai ba, suka ci gaba da zancen wata malamarsu. Mai Guga ya fasa leƙowa. Abin mamaki, ba haushinta ya ji ba, kunya ya ji, irin ta wanda ya buɗe ƙofa bai yi sallama ba. Ya ja da baya a hankali, ya bi ta bayan katanga, ya zagaye layin gaba ɗaya, sannan ya ɓullo ta ɗaya ɓangaren yana ɗaga mata hannu kamar zuwansa ke nan. Ta rugo ta riƙe hannunsa kamar kullum. A hanya ta yi ta ba shi labarin wani lissafi da ya gagari kowa sai ita, shi kuwa yana ta cewa madalla, bai ji ko rabi ba.

Bai gaya wa kowa ba. Amma daga ranar madubin banɗaki ya fara tsayar da shi, abin da bai taɓa yi ba.

Ana nan sai makaranta ta sa ranar ba da kyaututtuka, kuma Auta ce ta ɗaya a lissafi. An ce kowane yaro ya zo da iyayensa. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, ranar kuma tana aikin safe, babu wanda zai karɓe ta. Suna cin abinci aka yi maganar. Auta ta tambaya, idonta a kan faranti, ko Yaya ba zai iya zuwa ba. Uwar ta ce wane Yaya, mutumin da yake wani gari, ga babanki nan a zaune ranar ma ba ya aiki? Auta ta ce to. Wannan "to" ɗin Mai Guga ya tafi da ita aiki, ya dawo da ita, ya kwana da ita.

Abu ɗaya yake so, kuma ya san shi sarai: ranar nan yarinyar ta nuna shi a gaban ƙawayenta ta ce wannan babana ne, ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Maganin rina gashi kuwa yana nan a kantin magani na bakin layinsu, ya sha ganin kwalinsa. Amma ina! Da wane ido zai shiga ya saya? Mai kantin ya san shi, yaran shagon sun san shi. In kuma ya shiga ɗakin wanki da kai baƙi ƙirin, ranar ko aiki ba za a yi ba saboda dariya. Shi ba baƙi ƙirin ma yake so ba. So yake farin ya ɗan ja baya, ya ɗan disashe, yadda za a ce mutumin nan dai ya fara manyanta, ba a ce ya gama ba.

Dabarar ta zo masa ne yana tsakiyar aiki. An sauko da wani farin ƙyallen tebur da aka kifar wa butar shayi, ya jiƙa ya cuɗa ya sake jiƙawa, tabon yana nan yana kallonsa. Ya tsaya riƙe da ƙyallen. In shayi zai kama farin yadi haka, me zai hana ya kama farin gashi? Ba magani ba ne, ba rini ba ne, abin da kowa ke sha ne. Ko an kama shi ma babu wanda zai ce ya sayi wani abu.

Ya hau kicin wajen Kuku, tsohon abokin tsokanarsa, ya ce a riƙa tara masa ganyen shayin da aka gama da shi, da ɓawon albasa, zai zuba wa shuke-shuken matarsa. Kuku ya dube shi sama da ƙasa, ya ce tun yaushe mai guga ya koma manomi, ko dutsen guga ne ya daina ciyar da gida? Amma ya tara masa, leda guda.

Ranar hutunsa, matar tana asibiti, Auta tana makaranta, ya kulle ƙofa ya ɗora ƙaramar tukunya. Ya dafa shayin har ya yi baƙi kamar tsohon man inji, ya bari ya huce, ya sunkuya a banɗaki ya kwarara a kai da gemu. Ya ɗaure kan da leda ya zauna a bakin gado yana jira, yana jin kansa wawa. Da ya ɗauraye ya duba madubi, farin ya tafi, amma baƙin bai zo ba. Abin da ya samu launin farar riga ne da aka wanke tare da kaya masu zuba. Da matar ta dawo ta ɗan dube shi ta tambaya ko an yi aikin gini a otal ne, ƙura ta hau masa kai. Wanka ɗaya ya yi, har wannan ɗin ma ya bi ruwa.

Nan fa abin ya taɓa masa sana'a. Shayin da ya hana shi sakat a kan yadi tsawon rayuwarsa, yau shi ne zai ƙi zama a kansa? Ya zauna ya yi tunani irin na mai wanki. Launi ba ya zama sai an ba shi abin da zai riƙe shi, wannan kowa ya sani: gishiri, da ruwan kal mai tsami. Kofi ya fi shayi duhu. Ɓawon albasa yana ba ruwa launi mai ƙarfi. Sannan ya tambayi kansa, a duk tabon da ya taɓa gamuwa da shi, wanne ne ba ya fita ta daɗi? Amsar ba ta ɗauke shi lokaci ba, kurkur ne. Ɗigo ɗaya na miyar da aka sa wa kurkur ya isa ya sa a yi ritayar ƙyallen tebur. To a nan ya yi kuskuren, kuma kuskure ne da sai gwani zai yi shi. Ya tambayi kansa wane tabo ne ya fi kamawa, bai tambayi kansa wane launi tabon yake da shi ba. A tunaninsa kurkur ɗin zai riƙe sauran ne kawai, shayi da kofi su yi nasu aikin a sama.

Ana gobe taron ya nemi hutu, ya haɗa komai a tukunya ɗaya. Ya zuba kurkur cokali guda, ya dubi tukunyar, ya ƙara rabi. Ya dafa, ya shafa a kai da gemu, ya ɗaure da leda, wannan karon ya bar shi ya daɗe, don yadi ma sai ya jiƙu yake ɗaukar launi. Ya yi sallah da ledar a ƙarƙashin hula, ya share tsakar ɗaki, ya goge kayan Auta na gobe, ya rataye su. Sannan ya shiga banɗaki ya sakar wa kansa ruwa. Ya ga baƙin ruwa yana gangarawa yana bin rariya, shayin da kofin duk suna tafiya abinsu.

Da ya ɗago, wani mutum ya gani a madubi mai kai ruwan ɗorawa kamar ɗan tsako. Gemun ya fi kan ma ɗauka, don shi ya fi fari. Ya rufe ido ya buɗe, mutumin yana nan.

Tsoro yana sa mutum ya manta abin da ya sani. Ya san sarai abin da sabulun wanki ke yi wa kurkur, ya gani a yadi ba sau ɗaya ba, amma hannunsa ya riga hankalinsa. Ya ɗauko sabulun ya goga, kan ya koma ja kamar tsatsa. Ya ruga kicin ya yanka lemun tsami ya matse, jan ya gudu, ruwan ɗorawar ya dawo har ya fi na da haske, idonsa kuma yana ta raɗaɗi. Ya durƙusa ya jawo robar bilic, ruwan nan mai cire tabo, daga ƙarƙashin wurin wanke hannu, ya buɗe, ya shaƙi warin, ya tuna yadda yake cinye zare, ya rufe ya mayar. Saura abu ɗaya da ya sani yana kashe kurkur a yadi, wato rana.

Haka dattijon nan ya hau saman benensu, inda maƙwabta ke shanya, ya nemi wuri tsakanin igiyoyi ya zauna a kan bokiti, ya miƙa wa rana kansa. Zanin gado na kaɗawa ta dama, kayan jarirai ta hagu, shi a tsakiya yana shanya kansa. Bai daɗe ba matar maƙwabcinsu ta hawo kwashe kaya. Ta gaishe shi da ladabi, ya amsa, ya ce mura ce ke damunsa ya fito shan rana. Ta ce Allah ya sauwaƙe, tana kallon igiya, ta kwashi kayanta da sauri har da wasu da ba su bushe ba. Yana jin lokacin da ta kai matakala dariyar ta ƙwace mata.

Matarsa ta dawo da la'asar ta same shi a zaune a falo da tawul a ka. Ta janye tawul ɗin. Ta yi ƙoƙari, a gaskiya ta yi ƙoƙari, ta cije leɓe ta juya baya, amma abin ya fi ƙarfinta, ta zube a kujera tana dariya har da hawaye. Ta tambaye shi ko faɗawa ya yi cikin tukunyar Kuku. Ta tambaye shi ko wata ce ta ce masa ta fi son mai launi, ya gaya mata tun wuri ta san matsayinta. Ya bar ta ta gama. Sannan, yana kallon ƙasa, ya ba ta labarin ƙofar makaranta, da ginshiƙin, da yadda ya zagaye layi.

Dariyar ta ɗauke. Ta miƙe ta ce bari yarinyar ta dawo, yau za ta san wanda ya haife ta. Ya riƙo hannunta.

"Kada ki taɓa ta. Ba da mugunta ta faɗa ba. Yarinya ce, ta dubi iyayen mutane ta dubi nata."

Ta ce to shi kuma da yake babba, sai ya mai da kansa abin kallo? Ta yi ajiyar zuciya ta ce magani ɗaya ne, a aske duka. Ta ɗauko injin aski, ta zaunar da shi a kan kujera, ta fara da gemun. Gashi ruwan ɗorawa ya riƙa zubowa a kan tawul. Gemun nan tun kafin aurensu yake, ita kanta ba ta taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinsa ba. Da ta gama ta miƙa masa madubi, ya ga kumatu sun lotsa, fatar wuya ta saki, haɓa ta tsuke. Fuskar mahaifinsa ce a shekarunsa na ƙarshe. Ashe gemun ba tsufa yake ƙara masa ba, rufa masa asiri yake yi. Ta ɗaga injin za ta hau kai, ya kauce, ya ce a bar masa wannan, zai sa hula.

Da Auta ta dawo daga gwajin taron gobe ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon haɓarsa. Ta gaishe shi, ya amsa yana gyara hula, ya ce zafi ne ya dame shi ya rage. Yarinyar da ba ta gajiya da tambaya, ranar ko ɗaya ba ta yi ba. Bayan magariba ya ji su a kicin ita da uwarta suna magana ƙasa-ƙasa, ba faɗa ba, magana dai. Ya ƙara sautin rediyo, don ya riga ya ɗanɗana jin abin da ba a so ya ji.

Da safe matar ta fita tana jaddada masa hula, kada ya kuskura ya cire. Auta ma ta tafi da wuri, za su jera kujeru. Aka bar shi shi kaɗai da madubi, kuma nan ne bai kamata a bar shi ba. Ya sa hular ya duba, ya ga tsoho mai hula, ga ruwan ɗorawa yana leƙowa ta gefen kunne. Duk wahalar nan ke nan a banza? Ya tuna jiya kofin ya yi duhu sosai kafin ruwa ya tafi da shi. To ai laifin ruwa ne. In ba a ɗauraye ba, me zai tafi da shi?

Ya dama kofi da kauri, ya shafa da yatsu a hankali, ya bi da mataji, ya zauna a gaban fanka har ya bushe. Ya duba madubi, murna ta kama shi. Kan ya yi duhu, ba baƙi ƙirin irin na baƙin otal ba, duhu mai kyau, daidai yadda ya so tun farko. Ya juya dama ya juya hagu. Yana ƙamshin ɗakin karin kumallo, amma turare ya rage wannan. Ya sa farar rigarsa mafi kyau, wadda ya goge tun jiya, ya dubi hular a jikin ƙusa ya bar ta nan.

Zauren makarantar ya cika maƙil. Ya samu kujera a tsakiya, tsakanin wani ƙaton mutum da wata mata mai jariri. Da farko komai lafiya, har ya riƙa ɗaga kai yana duba iyayen mutane, yana ganin bai fi su tsufa da yawa ba. Shugabar makaranta ta hau ta fara jawabi. Tana cikin godiya ga baƙi aka ɗauke wuta, fankoki suka yi ta raguwa har suka tsaya. Ita kuwa ba ta tsaya ba. Bayanta wani ya hau, bayansa wani, kowa yana cewa ba zai tsawaita ba.

Ɗigon gumi na farko ta bayan kunne ya gangaro. Ya sa yatsa ya taɓa, ya duba, ya ga ruwan ƙasa. Ya zaro farin hankicinsa ya dafa a wuya, ya duba, ya ninke shi da sauri. Wani ɗigon ya biyo ta goshi, wani ta ƙeya, ya ji shi yana shiga wuyan riga. Ba sai ya gani ba, ya san abin da ke faruwa a bayansa: kofi, a kan sitaci, cikin zafi, yana shiga zare yana zama. Wani yaro a layin baya ya ce wa uwarsa kan mutumin nan yana zuba. Uwar ta ce ya yi shiru, amma yaron ya sake faɗa, don ya ga ba a gane ba. Mai Guga ya so ƙasa ta tsage ya shige. Fita babu hanya, sai ya tashi mutum goma, kowa ya gan shi a tsaye.

A haka aka kira Auta. Ta hau dandamali da siket ɗinta mai layi a tsaye, ta karɓi littafi a naɗe da ƙyalle mai sheƙi, ta juyo tana duba jama'a layi-layi. Shi take nema, ya sani. Ya sunkuya ya ɓoye bayan kafaɗar ƙaton mutumin nan, yana tafi a tsakanin gwiwoyinsa inda babu mai gani. Ta daɗe tana dubawa, har malama ta taɓa ta ta sauka. A duk rayuwarsa bai taɓa jin kunya irin wannan ba, kuma babu wanda ya jawo masa sai shi.

Da aka tashi ya nufi ƙofar gefe, hankici a wuya, yana so ya fita ya jira ta a waje, can nesa. Cunkoso ya hana shi sauri. Yana dab da ƙofar ya ji an ce, "Baba."

Ya juyo. Auta ce, littafinta a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ta riƙo mai tabarau tana janta, uwar mai tabarau tana biye da su. Auta ta gan shi sosai yanzu: layukan ruwan ƙasa a goshi da kumatu, wuyan riga ya rine, kai ya yi dabbare-dabbare, inda kofin ya zube ruwan ɗorawa ya fito. Ta tsaya cak. Amma ba ta saki hannun ƙawar ba. Ta ƙara matsowa, ta buɗe baki.

Uwar mai tabarau ta riga ta. Mace ce mai fara'a, ta yi kamar ba ta ga komai ba, ta gaishe shi da girmamawa, ta ce ai 'yarta ta sha ba ta labari, shi ne kakan Auta ko?

Ya dubi mai tabarau, wadda ta kafe kansa da ido baki buɗe. A ransa ya hango aji ranar da za a koma, da sunan da za a laƙaba wa Auta, da yadda zai bi ta har ta gama makarantar. Kaka dai ko ya yi abin dariya, kaka ne, ana yafe masa. A ganinsa wannan ne kaɗai abin da ya rage zai iya yi mata.

Ya ce, "Eh, jikata ce. Babanta aiki ya riƙe shi."

Matar ta ce Allah sarki, to a gaya wa baban ya yi sa'ar 'ya, yarinya mai ƙwaƙwalwa da natsuwa. Ya ce zai gaya masa. Auta ta saki hannun ƙawarta.

Suka fito titi. Ba ta riƙe hannunsa ba, shi ma bai miƙa ba, don hannun duk kofi ne. Tana gaba kaɗan, littafin a ƙirjinta, ba ta ko buɗe ƙyallen ba. Ya ce mata ta yi ƙoƙari, ya ga lokacin da ta hau, ya yi tafi. Suka wuce shagon mai gyaran waya, suka wuce kantin magani, suka isa inda ake jiran bas, suka tsaya a rana.

Can, ba tare da ta dube shi ba, ta ce, "Na kawo ta ne in gaya mata kai ne babana."

Ya fara bayani, ya ce ya ga yadda ya koma ne, ya ce ba ya so a riƙa yi mata dariya a aji, ya ce don ita ya yi. Maganar tana fita yana jin yadda ba ta da nauyi. Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi, idonta ya cika amma ba ta bari ya zubo ba.

"Ni da na faɗa, ban san kana ji ba. Kai kuma kana kallona ka faɗa."

Bas ta iso ta tsaya da ƙara, mutane suka yi caa a ƙofa. Kwandasta ya leƙo yana buga jikin motar, ya ce tsoho ya ɗago jikarsa ta hau, kada a take ta.

"'Yata ce," in ji Mai Guga, da ƙarfin da ya sa mutum biyu suka waiwayo. "'Yata ce, ni na haife ta."

Kwandasta ya ce ko ma wace ce, a matsa ciki, akwai mutane a baya. Mai Guga ya duba gefensa, Auta ba ta nan, ta riga ta shige tun ɗazu. Ya hango ta can ciki a jikin taga, ta juya fuskarta waje. Ya kama ƙarfe ya hau, bai san ko ta ji ba, kuma ya san ba zai iya tambayarta ba.